Waɗanda suka zauna a arewacin Malawi, yaya kuka yi da harshen Tumbuka?

Bakatsine: Salamu alaikum. Aiki zai kai ni Mzuzu bayan sallah, har na fara koyon Chichewa a waya, sai wani ya ce min can ba shi ake yi ba. Don Allah waɗanda suka zauna su ba mu labari.

Malamin Jinya: Wa alaikumus salam. Suna jin Chichewa, amma ba shi ne na cikin gida ba. Shekara biyu na yi a Rumphi. Ranar farko na gaida wata tsohuwa da "muli bwanji", ta amsa can ƙasa-ƙasa. Washegari na gaishe ta da Chitumbuka, wato harshen Tumbuka, na ce mata "monire mama, muli uli?" Sai ga ta ta riƙe hannuna da hannu bibbiyu, tana kiran jikokinta su zo su ga baƙon da ya iya gaisuwa. Abokin aikina ne ya warware min: a 1968 gwamnatin Kamuzu Banda ta mai da Chichewa harshen ƙasa, ta cire Chitumbuka daga rediyo da makarantu. Sai a 1994, da Bakili Muluzi ya hau mulki, aka sake jin Chitumbuka a MBC, gidan rediyon gwamnati. Dattawa ba su manta ba, kada ka ɗauki abin da wasa.

Maman Khalifa: Ni a Lundazi muka zauna da maigida, ɓangaren Zambiya, can ma Chitumbuka ake yi. Ka riƙe "yewo", wato na gode, za ta yi maka aiki a kasuwa. Sauƙinsa a wurina shi ne ba a bambanta kalmomi da hawa da saukar murya kamar yadda muke raba kukan yaro da kukar miya. Ka dai ja gaɓar da ke kusa da ta ƙarshe. Simarsu kuwa tuwon masara ne sak.

Ɗan Zazzau: A Mzimba na sha mamaki. Jikokin mayaƙan Ngoni ne da suka zo daga kudu suka ci ƙasar, amma yau Chitumbuka suke yi a gida. Sai na tuna Fulanin birni namu.

Bakatsine: Allah ya saka da alheri. Monire da yewo sun shiga littafi.

Malamin Jinya: Ka haɗa da rigar sanyi, malam. Sanyin Mzuzu a Yuni da Yuli ba ya jin ko wane yare.