Font ɗin nan mai kauri da siriri na bangon mujallu, ya sunansa kuma ina ya fi dacewa?

Ummi_Dizain:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu harkar dizain ku taimaka min, akwai wani font da nake gani a bangon mujallu irin su Vogue, layin tsaye na harafin yana da kauri sosai amma na kwance siriri kamar gashi, ga 'yan ƙafafu a miƙe a ƙasansa. Wata kwastoma ce take son logo da kati na kamfanin turarenta kuma ta kafe irin wannan take so wai shi ne mai aji. Ya sunansa? Kuma zan iya yin komai da shi har da adireshi da lambar waya da bayanin bayan kwalba?

Malam_Harafi:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ba font ɗaya ba ne, dangi ne guda, manyansu biyu su ne Didot da Bodoni. Firmin Didot a Paris yake, wajen 1784 ya fara fito da irin wannan yankan, shi kuma Giambattista Bodoni a garin Parma na Italiya ya yi aikinsa har ya rasu a 1813, matarsa ce ma ta fitar da babban littafin samfurin haruffansa a 1818. Dukkansu sun ɗora ne a kan abin da John Baskerville ya faro a Ingila, da takarda ta fara yin santsi tawada kuma ta gyaru sai ya zama ana iya buga layi siriri bai yanke ba.

Yadda za ki gane shi kuwa, ki kalli harafin o, kaurin yana dama da hagu daidai wa daida, sama da ƙasa kamar za su tsinke, bai karkata gefe ba yadda na font ɗin Garamond yake. Ƙafafun nan da ake kira serif a kwance suke sambal babu lanƙwasa inda suka haɗu da jikin harafi, sannan a, c, f, r suna da ɗan dunƙule a baki. In kina da Mac akwai Didot a ciki, Bodoni MT yana zuwa da Microsoft Office, a Google Fonts kuma akwai Playfair Display da Bodoni Moda kyauta.

Baba_Mai_Inji:
Malam ya gama da tarihi, bari ni in faɗi na wajen inji. 'Yata ki yi sunan kamfanin da shi babba, amma lambar waya da adireshi a'a wallahi. Duk kyan font ɗin nan a siririn layin yake kuma shi ne farkon abin da ke ɓacewa in an ƙanƙanta, sai ki ga e ta koma c, 8 ta zama kamar 3, mutum ya kira lambar da ba ita ba. Ya fi muni in farin rubutu ne a kan baƙi ko ruwan gwal a kan kala mai duhu, saboda tawada tana ɗan bazuwa sai ta cinye siririn layin, in kuma kala huɗu aka haɗa farantin bugun kala ɗaya ya goce ko kaɗan ne shi ke nan. Sitika da ake yankawa da aikin zare a jikin riga ma haka, wuƙa da allura ba sa bin layi mai wannan sirantar. Ki sa ƙananan rubutun da font mara ƙafa irin Futura ko Montserrat, suna zama lafiya tare.

Sadiq_Pixels:
Ni dai gaskiya na fara gajiya da shi, duk mai sayar da turare ko kayan kwalliya shi yake so, logo goma ka rasa bambancinsu. Amma tunda mai kuɗi ta ce, a yi mata. Anti Ummi ki gwada manyan baƙi zalla ki ɗan buɗe tsakaninsu, ki bar fili a kewaye, kar ki sa masa inuwa ko ki ja shi ya miƙe don yana lalata ma'aunin kaurin. Kuma kafin ki zaɓa ki buga ƙ da ɗ da ɓ ki gani, da yawansu ba su da su sai kwamfuta ta aro daga wani font ɗin, harafi ɗaya ya fito daban a tsakiyar kalma.

Ummi_Dizain:
Na gode sosai, Allah ya ƙara basira. To Malam ya aka yi su Bodoni suka buga littattafai sukutum da shi ana karantawa, mu kuma lambar waya ta gagara?

Malam_Harafi:
Ai da ƙarfe suke aiki, kowane girma daban ake sassaƙa shi, na ƙaramin rubutu sai a ƙara wa siririn layin kauri a buɗe tsakani. Kwamfuta kuwa zane ɗaya take ɗauka ta faɗaɗa ko ta matse, kuma galibi na kanun labari aka kwafo. Shi ya sa da mujallar Harper's Bazaar ta sa mai zana haruffa Jonathan Hoefler ya yi mata Didot a 1991 ya yi shi girma-girma. Bodoni Moda ma yana da wannan tsarin, in dole sai da shi a bayan kwalbar ki zaɓi yankan ƙananan rubutu, ki fitar da gwaji a ainihin takardar kuma a ainihin girman kafin a buga da yawa.