Bindigar ƙusa ta daina nutsar da ƙusa, kuma tana yoyon iska

Mai Kujeru:

Assalamu alaikum. Ina da shagon haɗa kujeru da gadaje, kuma shekara biyu ke nan ina aiki da bindigar ƙusa mai amfani da iska, irin wadda ake kira F50. Tun da damina ta kankama ta sauya hali: ƙusa ba ta nutsewa cikin katako, sai an bi kanta da guduma, sannan akwai iskar da ke fita a hankali ta wajen kunama ko da ba a taɓa ta ba. Shekaranjiya ƙusa ta maƙale a bakinta, na tarar da yarona yana zaƙulo ta da sukudireba. Ina ɗiga mata man inji duk mako. Shin za ta gyaru, ko kuwa in nemi sabuwa?

Mai Gyaran Kwamfuresa:

Wa alaikumus salam. Malam, kada ka yi saurin sayen sabuwa, domin a ganina man da kake sa mata shi ne ya jawo rabin matsalar. A cikin bindigar akwai zobban roba da ke riƙe iska, kuma man inji yana kumbura su har su lalace, ga shi yana da kauri, yana haɗuwa da ƙurar katako ya daskare. Yoyon da kake ji ta wajen kunama alama ce ta cewa robar wurin ta mutu, kuma sauya ta ƙaramin aiki ne. Akwai mai mara kauri da aka yi musamman domin kayan iska. Ɗigo biyu ko uku ta mashigar iska kafin a fara aiki kowace rana sun isa.

Sai ka duba gejin kwamfuresa, wato injin da ke tara iska a tanki ya tura wa bindigar. Irin wannan bindiga tana son matsin iska tsakanin PSI (ma'aunin matsin iska a geji) 70 zuwa 100, kuma bai kamata a wuce abin da aka rubuta a jikinta ba. Tunda ka ambaci damina, yaushe rabon da ka buɗe ɗan famfon da ke ƙarƙashin tankin? Raɓar da ke cikin iska tana taruwa ta zama ruwa a can, ta bi tiyo ta shiga bindiga. Na sha buɗe tankin da ya tsiyayo da ruwa ja mai tsatsa fiye da kofi guda. Idan an gyara duk waɗannan amma ƙusa ta ci gaba da tsayawa, to harshen ƙarfen da ke dukan ƙusar ne ya cinye.

Tsohon Kafinta:

Bayanin gyara ya wadatar, amma ni batun yaron nan ne ya tsaya mini a rai. Ɗana, ba ka faɗa mana ko tiyo yana haɗe ba lokacin da yake zaƙular ƙusar, kuma ina zargin yana haɗe. Ƙa'ida ita ce a fara cire tiyo, a kwashe ƙusoshin da ke gidansu, sannan a buɗe bakin a ciro wadda ta lanƙwashe da filaya, bakin kuwa yana kallon ƙasa. Kashe kwamfuresa kaɗai ba ya isa, saboda tanki da tiyo suna nan cike da iska.

Ina da tabo a gindin babban yatsana na hagu. Ban ɗora hannu a bakin bindiga ba. Ƙusa ce ta ci karo da ƙulli a cikin katako, ta karkace ta ɓullo ta gefe inda nake riƙe. Tun daga ranar nake nisanta hannuna da kamar taƙi guda da rabi daga wurin harbi, ƙananan gutsattsari kuwa sai in matse su da kilam, wato ƙarfen matse katako. Tabarau ma ba ado ba ne a wannan aiki.

Injiniya a Kaduna:

Baba ya yi gaskiya. Zan ƙara da batun kunama, domin iri biyu ce. Akwai wadda sai an danna bakin bindiga a jikin katako sannan a ja ta, ƙusa ɗaya ta fita. Akwai kuma wadda ake riƙe ta a jaye, duk abin da bakin ya taɓa sai ta harba. Ta biyun ta fi sauri, amma ita ce ke harba ƙusa biyu a jere idan bindiga ta yi tsalle ta dawo. A Amurka hukumomin kula da lafiyar ma'aikata sun ƙiyasta cewa mutane kusan 37,000 ke zuwa sashen gaggawa na asibiti duk shekara saboda raunin bindigar ƙusa, shi ya sa suke ba da shawarar amfani da ta farkon. Ban yarda da ɗaure makarin bakinta da waya don aiki ya yi sauri ba, kamar yadda nake gani a wasu shaguna. Haka kuma kada a taɓa haɗa ta da tukunyar oksijin ta masu walda, domin oksijin da mai idan sun haɗu suna iya fashewa.

Mai Kujeru:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, zarginka daidai ne, tiyo yana haɗe, kuma na zaunar da yaran duka na nuna musu yadda ake yi. Na buɗe famfon tankin, ruwan da ya fito ya ba ni kunya. Gejin ma a 60 na same shi. Da na ɗaga zuwa 90 sai ƙusa ta koma nutsewa. Saura yoyon kunama: zan cire tsohuwar robar in tafi da ita kasuwa gobe domin a gwada mini daidai girmanta.