Neman shawara: idona yana ƙaiƙayi, biki ya matso, wace irin maskara zan saya?

Mai tambaya, Unguwar Dosa: Assalamu alaikum 'yan uwa, ku yi haƙuri da tsawon bayanina. Bikin ƙanwata ya matso, kuma da yake mahaifiyarmu ba ta da cikakkiyar lafiya kusan komai ya dawo kaina, tun daga rabon anko har zuwa saukar baƙin da za su zo daga Zariya, ga shi dangin ango mutane ne masu lura da kwalliyar mutum, har wata gwaggonsu ta ce mini ranar kawo lefe wai fuskata kamar ta mai jinya. Maskarar da nake da ita a cikin kayan lefena ta zo, mai tsada ce, kuma ba na shafa ta sai za ni taro. Kwanan nan duk ranar da na shafa ta sai idona na hagu ya yi ja yana ƙaiƙayi, da safe in tashi da kwantsa. Ina son in san da me ake haɗa maskara, domin wata ta ce mini da kashin jemage ake yin ta, sannan ku faɗa mini wadda ta dace da mai kukan kai amarya, wadda kuma ba za ta ɓata mini alwala ba.

Anti mai kwalliya, Barnawa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Zancen kashin jemage ki ajiye shi, babu shi a ciki. Abin da ke ba maskara baƙi yawanci sinadarin ƙarfe ne da za ki ga an rubuta CI 77499 a bayan kwalinta, wasu kuma baƙin gawayi ake sa musu mai lamba CI 77266. Jikinta kaki ne da mai: kakin zuma, farafin, da kakin karnauba da ake samu daga ganyen wani irin kwakwa na ƙasar Brazil, su ne ke sa gashin ido ya yi kauri ya tsaya. Sai a ƙara sinadarin da ke manna launin a jikin gashi, da wanda ke hana ƙwayoyin cuta girma a cikin robar. Wadda ba ta jin ruwa kusan babu ruwa a haɗinta, silikon ne da wani mai saurin bushewa da ake rubuta wa isododecane, shi ya sa hawaye ba ya narka ta. Ita za ki saya, magana ta ƙare, domin babu yayar amarya da ta isa ta riƙe hawaye ranar kai amarya, kuma ba zan so ki bayyana gaban wannan gwaggon da baƙin layi har haɓa ba.

Ma'aikaciyar jinya, Kawo: 'Yar uwa, ba ki faɗa mana tsawon lokacin da kika yi da buɗe ta ba, ko kuma kina ƙara mata ruwa idan ta bushe. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a jefar da maskara bayan wata 3 da buɗewa, saboda buroshin yana ɗauko ƙwayoyin cuta daga gefen ido ya mayar da su cikin roba mai duhu da danshi. Ja da kwantsa alama ce da ke bukatar a duba, don haka ki dakatar da duk wata kwalliyar ido, ki je Asibitin Ido na Ƙasa da ke nan Kaduna ko wani asibitin ido mafi kusa da ke kafin ki sayi sabuwa.

Mai tambaya: Na gode Sista, amma ina ganin lissafin wata 3 na masu shafawa kullum ne. Tawa ta shekara biyu da wani abu, sai dai a rufe take cikin akwati, kuma ruwan da nake ɗiga mata na gora ne mai tsabta, ba na famfo ba. Ni ina zargin ƙurar hunturu ce, tun da ido ɗaya ne kawai yake yi.

Maman Hanan, Tudun Wada: Ni masu kwalliyar ne ma suka ishe ni. Ranar kamuna wata ta karɓi kuɗi masu yawa, ta zo a makare, sannan da buroshi ɗaya ta bi ni da ƙawayena duka, tana tsoma shi tana fitarwa ba ta ko goge shi. Kafin ranar walima hazbiya ta fito mini, duk hotunana ido ɗaya a kumbure, uwar mijina kuma har yau tana cewa kukan rashin son ɗanta ne ya kumbura mini ido. Da na kira mai kwalliyar sai ta ce jinina ne ba shi da kyau.

Anti mai kwalliya: Maman Hanan, kada laifin ɗaya ya shafi kowa, mu da muka san aikin buroshin yarwa muke sa wa kowace fuska. Ƙanwata, ki riƙe abin da na faɗa miki. Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ki buɗe ki shinshina, idan ta yi warin tsami ko ta dunƙule ki bar musu kayansu. Tun da idonki yana da saurin damuwa, ki guji masu ƙara tsawo, domin ana zuba musu ƙananan zaren nailon ko rayon da ke manne wa bakin gashi, kuma su ne ke faɗawa cikin ido da rana ta yi. Ki ɗauki mai siririn buroshi kamar mataji, ki daina tura shi ciki da waje da sauri, iska yake turawa tana busar da ita. Da dare ki jiƙa auduga da man zaitun, ki ɗora a kan idon na ɗan lokaci kafin ki share a hankali.

Hajiya, Unguwar Rimi: 'Ya'yana, duk wannan wahalar ta mene ce? Da kwalli aka yi mana aure, ba ya hana ruwan alwala shiga, ga kuma ladan sunna. Wannan mai ƙin ruwan fa tana lulluɓe gashin ido ne, kuma gashin ido yana cikin fuskar da aka ce a wanke. Ki tambayi malami kafin ki yi sallolin yini guda a kanta.

Ma'aikaciyar jinya: Hajiya, da girmanki, kwallin dutse da ake sayarwa a kasuwa galibi yana ɗauke da dalma, wadda ke da illa musamman ga yara da masu ciki, kuma idon da ya riga ya yi ja bai kamata a sa masa komai ba. Idan ya warke, akwai wata irin maskara da ke naɗe kowane gashi da siririn rufi, hawaye ba ya jan ta, amma ruwan ɗumi da ɗan murzawa suna zare ta ba tare da mai ba. Ita ta fi sauƙi ga mai cirewa don alwala. Tsohuwar kuwa, tun da ruwa ya shiga cikinta, ƙarfin sinadarin da ke kare ta ya ragu.

Anti mai kwalliya: Sista, waccan ba ta ba da kaurin da hoton biki ke so, ni na gwada ta a fuskoki. Ta yi alwalarta kafin a fara kwalliya, shi ke nan.

Mai tambaya: Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Asibiti dai sai bayan biki, domin yanzu ko zama ba na samu, kuma jefar da abin da mijina ya sa mini a lefe ba zai yi mini sauƙi ba alhali ko rabi ban ci ba. Anti, idan na tsoma robar a ruwan zafi ta yi laushi, na wanke buroshin da sabulu, zan iya shafa ta ranar kamu kawai, in bar sabuwar sai ranar kai amarya?