Wace mota ce magajiyar Celicar Alhaji?

Alhaji mai Celica: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Kun san Toyota Celica ta, jar nan mai ƙofa biyu ƙirar 1980 da marigayi mahaifinmu ya bari. Wata huɗu ke nan tana ajiye ƙarƙashin rumfa. Gilashin gaba ya tsage tun daga sama har ƙasa, an duba nan Katsina babu, an aika Ƙofar Ruwa a Kano babu. Kafireta ma ta gaji da gyara. Camry na nan ta zuwa aiki, amma in na shige ta sai in ji kamar a falo nake zaune. Wace mota ta zamanin nan za ta tsaya mini a matsayin Celica?

Auta: Wa alaikumus salam Kawu. Amsar guda ɗaya ce, Toyota 86, kuma ina tsaye a kan cewa duk duniya ba wata magajiyar Celica sai ita. Ta fito a 2012. Injin gaba, farfela zuwa tayoyin baya, giya shida ta hannu, nauyinta wajen kilo 1,250. A Amurka da sunan Scion FR-S aka sayar da ita har 2016. Sabuwarta ita ce GR86, mai injin lita 2.4 da ƙarfin doki 228.

Dillali: Auta, ka yi gaggawa. In maganar gado ake, sai a bi dangantaka. Supra daga cikin Celica ta fito. A 1978 aka tsawaita gaban Celica aka sa mata injin silinda shida, aka kira ta Celica Supra, sai a 1986 ta ware ta ci gashin kanta. Ita kuwa Celica tun 1985 ta koma jan gaba, har aka daina ƙera ta a 2006. Saboda haka wadda ta riƙe jan bayan gidansu ita ce Supra. Ita 86 ɗin ma sunan wata Corolla ta ci, AE86 ta 1983. Alhaji, ranka ya daɗe, GR Supra ta 2019 zuwa sama ita ce daidai da girmanka.

Auta: Yaya Dillali, buɗe bonet ɗin Suprar nan ka gaya mana abin da ka gani. Injin BMW ne, B58. Ƙasanta ɗaya da BMW Z4, kuma a garin Graz na ƙasar Ostiriya aka harhaɗa su biyun. Agola ce a gidan Toyota.

Dillali: To taka fa? Injin Subaru ne a cikinta, a masana'antar Subaru ta Gunma ake ƙera ta tare da 'yar'uwarta Subaru BRZ. In tawa agola ce, taka 'yar riƙo ce.

Baba direba: Ku saurara yara. Na yi shekaru ina jan 504 tsakanin Katsina da Daura, na kuma tuƙa Celicar nan tun marigayi na raye. Bari in faɗi abin da Alhaji ke kewa, don na ga kamar sunaye kuke wa gardama. Duk wanda ya taɓa tsayawa filin Polo ya ga doki ya zabura, ya san ƙarfin daga ƙafafun baya yake fitowa, na gaba aikinsu nuna hanya. Haka motar farfela take. Ka taka totur, baya ya tura, sitiyari ya zauna sakayau a hannunka don ba ya ɗauke da aikin ja. In ka shiga kwana da ɗan gudu, a ƙugunka za ka ji bayanta na neman zamewa, sai ka sassauta ƙafa ta dawo layi. Wannan kam 86 na da shi, Supra ma na da shi, ban musa ba. Amma a Celica waya ce ta tashi daga ƙafarka ta tafi kafireta kai tsaye. Abin da ka taka shi ta sha. Motocin yanzu ka taka ne kwamfuta ta ji, ita ce za ta yanke nawa za ta ba injin. Sitiyarin ma na lantarki ne. An sa maka tafinta tsakaninka da hanya. Ni a wurina Celica ba ta bar magaji ba, kuma gara Alhaji ya san haka kafin ya fitar da kuɗinsa.

Auta: Baba, na yarda da rabin maganarku. Amma wanda ya jagoranci ƙera 86, Tetsuya Tada, abin da kuke faɗa shi ya nema. Da gangan ba a sa mata turbo ba, ƙarfin doki 200 kawai. Da gangan aka sa mata siraran tayoyi irin waɗanda ake sa wa wasu Prius, don direba ya ji motsin bayanta ba sai ya yi gudun ganganci ba. Injin kwance yake, silinda biyu dama biyu hagu, shi ya sa nauyinta ke can ƙasa. Akwai kuma maɓallin da za ku danna kwamfutar ta janye hannunta daga tayoyin. Ita Supra ta wuce kilo 1,500, ƙarfinta ya haura doki 330, kafin ku ji abin da take ciki kun riga kun kai gudun da ba ya halatta a hanyar da awaki ke tsallakawa. Kuma da ta fito otomatik ce zalla, sai a 2022 aka yi mata giyar hannu.

Oga bakanike: Tun ɗazu nake karantawa ina wanke hannu. Duk motar da kuka zaɓa wa Alhaji wurina za ta dawo, don haka ku bari in sa baki.

Na farko ƙasa. Tsakanin cikin 86 da kwalta bai wuce santimita 13 ba, Supra ma ba ta kai haka ba. Ku tuna tudun rage gudun da ke unguwanninmu, kowane layi da irin nasa, wani kamar kunyar dankali. Ga damina in ruwa ya yanke gefen titi. Salansa da bamba su za su fara tafiya.

Na biyu mai. Injin 86 yana matse iska da mai a cikin silinda har ninki 12.5, an yi shi don fetur mai daraja ta sama, mu kuwa a gidan mai fetur iri ɗaya ne, ba ka da zaɓi. Kwamfutar za ta ja wuta baya don kada injin ya riƙa ƙwanƙwasa, motar za ta tafi, amma dokin nan 200 ba duka za su fito ba, balle a zafin Afrilu. Tana da nozul kala biyu, wasu na fesawa a bututu wasu cikin silinda kai tsaye, kuma na cikin silindar ba sa haƙuri da gurɓataccen mai. Man bumburutu na galan kam a manta da shi.

Na uku aiki. Fulogin Celica ina tsaye ina hira nake canza su. Na 86 suna manne da gefen shasi, sai an ɗan ɗaga injin ko a sha wahala da hannu. Ita Supra ban ma fara ba, na'urar BMW take so da wanda ya san BMW.

In ta ni ce, Alhaji ya dubi Nissan 350Z. Jan baya ce, akwai mai giyar hannu, kuma injinta VQ35 dangi ɗaya ne da na Murano da Maxima da Infiniti FX35, waɗanda muka saba da su, kayansu na kasuwa. Kakarta Datsun 240Z ta ci tseren Safari na Gabashin Afirka a 1971 da 1973.

Baba direba: Tunda ka ambaci Safari, Celica mai jan baya ta ci shi shekara uku a jere, 1984 da 1985 da 1986, a kan hanyoyin Kenya na ƙura da laka. A nuna mini wata a cikin waɗannan da za ta bi burji daga Mashi zuwa ƙauye ba ta bar rabin jikinta a hanya ba.

Auta: Baba, waccan ta tsere ce, mai turbo, an ɗaga ta an ƙarfafa ta, kuma ƙirar da ta biyo bayan ta Kawu ce. Oga, 350Z ɗinka ta fito tun 2002, ita kanta ta tsufa. Za mu cire Kawu daga neman gilashi mu sa shi neman wani abin nan da shekara biyar.

Alhaji mai Celica: Akwai abin da ba wanda ya tambaye ni. Z ɗin nan da Suprar, kujera nawa?

Dillali: Biyu-biyu ne, ranka ya daɗe.

Alhaji mai Celica: To sun fita. Ranar Sallah jikokina biyu a bayan Celica suke zama mu tafi Idi, daga can mu zagaya Ƙofar Soro su ga dawaki. Ni ma a wannan kujerar na zauna a bayan mahaifinmu. Auta, taka fa?

Auta: Tana da kujerun baya biyu Kawu. Babba ba zai sake ba, amma yara za su zauna.

Hajiya ƙanwar Alhaji: Yaya, ni ban san injin ba. Abu ɗaya nake roƙo, ko me za ka saya kada a sayar da motar Baba don a cika kuɗin. Har yanzu in na leƙa cikinta ina jin ƙamshin turarensa. In kuɗi ne bai kai ba, ka faɗa mana.

Alhaji mai Celica: Ba za a sayar ba Hajiya, in sha Allah. Ko dillalin da ke cikinmu ya tambaya sau biyu na hana shi.

Dillali: Haka ne, kuma na haƙura. In dai 86 ɗin ce, a nemi ta Amurka, FR-S ko 86 ta 2017 zuwa sama. Kada a ruɗe ku da masu araha na Japan, sitiyarinsu a dama yake, mu kuwa tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama, sitiyarin hagu doka ta sani. Wadda aka juya wa sitiyari ba na ba da shawararta ko kyauta ce. Sannan da yawa daga cikin masu shigowa sun yi hatsari a can aka gyara, don matasa ne ke wasa da su. Akwai wata fara mai giyar hannu da na gani a Kano makon jiya.

Oga bakanike: In ƙirar 2013 ce a ba ni lambar shasi tukuna. An taɓa kiran waɗannan a dawo da su kamfani saboda sifirin ɗin bawul da ke karyewa, sai mun tabbatar an yi mata aikin, kuma an yi shi da kyau. Zan shiga ƙarƙashinta da fitila in ga ko an taɓa miƙe shasin. Ban janye maganar mai ba fa. Gidan mai ɗaya za ka riƙe, kuma baƙin mai da wuri za mu riƙa juyewa saboda ƙurar hunturu.

Baba direba: Ni ma ban janye tawa ba. Amma in za a je da ni za a je. A ba ni ita in sha kwana uku ko huɗu da ita a kan titi, in na ji bayanta a ƙuguna zan faɗa a gaban kowa. In ban ji ba, shi ma zan faɗa.

Alhaji mai Celica: Madalla. Asabar bayan sallar asuba mu haɗu a ƙofar gidana, mu huɗu a Camry. Auta, kafin nan ka ɗauki tef ka auno mini tsayin tudun nan na bakin layinmu da na gaban masallaci. Oga, yaronka da ya ce yana da ɗan'uwa mai sayar da tsofaffin kayan mota a Maraɗi, a ce masa ya ci gaba da cigiyar gilashin.