Madubin hangen nesa na bindigar farauta: me aka tsayar?

A hirar mafarauta da aka yi a unguwar Birni, Damagaram, bakin mafi yawa ya zo ɗaya: mai lamba 3-9x40 ya wadatar. Yana kusanto abu sau 3 zuwa 9, faɗin gilashin gabansa milimita 40. A dajinmu mai fili ba a buƙatar fiye da haka.

An daɗe kan mai araha. Da rana tsaka yana nuna tas, amma da asuba ko magariba sai ya dushe, kuma bugun bindiga na gusar da saitinsa. Madubin kamfanin Zeiss na Jamus da na Leupold na Amurka ba sa haka, sai dai tsada! Wani dattijo ya ce a sayi matsakaici, a ƙara kuɗi kan maɗauri mai ƙarfi na haɗa shi da bindiga da murfi saboda ƙurar hunturu. Ni ma nan na karkata.

Takardar izinin farauta kuwa, kafin komai.