Wa ya taɓa samun tallafin kamfani don koya wa yara kwamfuta?

Malamin marayu, Garwa:
Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu tana koya wa marayu da almajirai kwamfuta a ɗakin da mai unguwa ya ara mana, yara uku-uku kan na'ura ɗaya. Muna shirin kai takardar neman taimako wajen kamfanoni. Ku da kuka riga mu, me kuka samu, kuma yaya aka ƙare?

Malama, Marwa:
Wa alaikumus salam, Malam. Mu wani kamfani ya kawo mana kwamfutocin tebur sababbi fil. Ranar miƙawa an kafa rumfa, an sa wa yara riguna masu tambarin kamfanin, aka yi ta ɗaukar hoto. Allah ya saka musu, kayan ba laifi. Sai dai ba wanda ya tambaye mu batun wuta. Kowa ya san wutar Arewacin Kamaru da madatsar Lagdo ta dogara, ruwan Binuwai na ja baya da rani sai a koma rabon wuta unguwa-unguwa. Tashoshin solar Marwa da Gider sun rage abin, amma bai ƙare ba. Yaro ya tako da ƙafa cikin zafin Afrilu, ya zo ya zauna yana kallon baƙin gilashi! Ga ƙurar hunturu da ke toshe fankar ciki. Sai da wani tela ya ɗinka wa kwamfutocin riguna da ragowar atamfa. Malam, ka roƙi laftof mai riƙe caji, ka roƙi sola da batir, ko da za a rage yawan kwamfutar. Mu daga baya karo-karo muka yi muka sa.

Tsohon ɗalibi, Ngaundere:
Ni a irin wannan ajin na koya. Komai na cikin na'urar Faransanci ne, ni kuwa allo kawai na yi. Malaminmu ne yake warware mana da Hausa da Fulatanci, ya riƙe hannuna a kan linzami har na daina rawar hannu. Tallafin bai haɗa da albashinsa ba. Da iyali suka yi masa nauyi ya koma haya da babur, aka sa wa ɗakin kwaɗo, kwamfutocin na ciki lafiya lau. Yau ina buga wa ɗalibai takardu kusa da jami'a a Dang, da abin da ya koya min nake ci. Baba Malam, a takardarka fara da kuɗin mai koyarwa.

Hajiya, Garwa:
Kafin komai, kun yi rajista? Dokar ƙungiyoyi ta Kamaru ta 1990 ta ce a kai sanarwa ofishin perefe, wato wakilin gwamnati na yanki, a karɓi rasit. Mu shi aka fara tambayar mu, sai asusun banki da sunan ƙungiya. Ma'aikatan MTN suna aikin sa kai na kwana 21 duk watan Yuni, don haka takarda ta isa da wuri. Gidauniyar Orange kuma ta fi karkata ga mata da makarantun firamare. Tana ba da tablet da wata 'yar na'ura mai ɗauke da darussa da Wikipedia, ba sai da intanet ba.

Ɗan'uwanku, Njamena:
A 2021 Airtel da UNICEF sun ƙulla yarjejeniyar shekara 5 a ƙasashe 13, har da Chadi, don kai intanet makarantu. Babba da babba suke irin wannan. Mu ƙanana wani Alhaji mai shagon waya ne yake saka mana data duk wata, shi ke biyan mai gyara, kuma ya ɗauki yaranmu biyu aiki. Kada ka raina 'yan kasuwar garinku.

Malamin marayu, Garwa:
Na gode ƙwarai. Rasit muna da shi, Hajiya, asusun ne saura. Malama, farantin sola nawa kuka sa, kuma batirin yana kai ku la'asar?