Wa ya taɓa hawa Kilimanjaro? Kwana 5 ko kwana 7?

Ɗan_Yawo:
Salam jama'a. Dan Allah wanda ya taɓa hawa dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya ya taimaka min da shawara. Ina shirin zuwa a watan Agusta in sha Allah, kamfanin da muke magana sun ba ni zaɓi biyu, hanyar Marangu kwana 5 ko Machame kwana 7, ta kwana 5 ɗin ta fi sauƙin kuɗi kuma a ɗaki ake kwana ba tanti ba shi ya sa hankalina ya fi kwanciya da ita. Ina motsa jiki sosai, kusan kullum sai na fita gudu, to ina ganin ƙarfi dai ba zai ba ni matsala ba. Ko akwai abin da ban hango ba?

Baban_Hanif:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa ka ɗauki ta kwana 7 ko da sai ka ɗaga tafiyar ka ƙara tara kuɗin. Dutsen nan ba ƙarfi yake tambaya ba, iska ce. Ƙololuwarsa Uhuru mita 5,895 ce, a can duk numfashin da ka ja kusan rabin oksijin ɗin da ka saba samu a ƙasa kake samu, kuma jiki sai an ba shi kwanaki yake sabawa. A tawagarmu akwai wani matashi ɗan ƙwallo kullum shi ne a gaba, gaid, wato ɗan jagoranmu, na ta roƙonsa ya rage sauri, muna isa sansanin Barafu ya zauna bakin tanti ya riƙe kai da hannu biyu ko shayi ya kasa sha, a daren aka sauko da shi. Wata dattijuwa kuwa da take tafiya kamar mai tausayin ƙasa ta kai har sama.

Abin da ya sa nake son Machame, akwai ranar da za ku hau Lava Tower wajen mita 4,600 sannan ku gangaro Barranco wajen mita 3,900 ku kwana. Ka hau sama ka dawo ƙasa ka yi barci, haka jiki yake koyo. Ga kallo kuma wallahi, daga kurmi mai danshi har ka fito inda ba ko ciyawa, da safe ka buɗe tanti ka ga gajimare a ƙarƙashinka.

Anti_Nas:
Ƙanina kafin maganar hanya ma, ka san jinotayif ɗinka? Da gaske nake. Mai sikila SS bai kamata ya je irin wannan tsayin ba sam, mai AS ma da lafiyarsa ƙalau a ƙasa ƙarancin oksijin na iya taɓa masa saifa, ciwo ne mai tsanani a gefen hagu na ciki ƙasan haƙarƙari. Ka ga likita tukuna.

Ciwon tsauni yakan fara ne daga wajen mita 2,500: ciwon kai, tashin zuciya, jiri, rashin cin abinci, barci ya ƙi zuwa. In ka ji haka kar ka ɓoye wa gaid don gudun kar a ce ka gaza, kuma kar ka ƙara hawa sai ya lafa. Amma in mutum ya fara tangaɗi, ko magana ta rikice masa, ko yana haki alhali a zaune yake, ko tari mai kumfa, to ruwa ne ke taruwa a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, wannan a sauko da shi nan take ko da tsakar dare ne, yana kisa. Akwai maganin Diamox da ke taimaka wa jiki ya saba da wuri amma likita ne zai rubuta maka, yana sa yawan fitsari da jin yatsu na yam-yam.

Mai_Kamara:
Ni dai ban ga laifin Marangu ba, ana yin ta kwana 6 a ƙara kwana ɗaya a sansanin Horombo, ka tambaye su. Agusta lokaci ne mai kyau ba ruwan sama sosai, sai dai sanyi. Daren da za a hau ƙololuwa wajen sha biyun dare ake tashi, ruwan gora har ƙanƙara yake zama, ka sa gorar a cikin riga, batirin waya ma haka. Takalmin but ka fara sa shi tun yanzu kar ka je da sabo, ka nemi tocilan ta goshi da safar hannu mai kauri da tabarau. Kuma ka ware kuɗin ihsanin 'yan dako daban, su ne ke ɗauke da tantinka da ruwanka a ka.

Ɗan_Yawo:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Anti ni AS ne kuwa, ban taɓa sanin yana da alaƙa da hawan dutse ba. Gobe zan je asibiti kafin in biya ko sisi. In likita ya amince Machame zan ɗauka.

Anti_Nas:
Yauwa. Ka gaya masa tsayin da lamba, mita 5,895, da yawan kwanakin da za ka yi sama da mita 3,000. Ka dawo ka faɗa mana yadda kuka yi.